Majong na Gasa: Dokar Sin Za Ka Koya ko ta Japan?

Akwai hannun da za ka haɗa a teburin majong a Hong Kong kowa ya zaro ya biya ka. Ka haɗa shi sak a gasar da ake bin dokar ƙasar Sin, a ce makinsa bai kai ba, a ci ka tara a kansa. Ka kai shi Tokyo kuma, a ce hannun lafiya lau yake amma ba ka da ikon ci da tubalin da wani ya yar, saboda wani tubali da kai da kanka ka yar tun farkon wasa. Tubalan dai su ne, ɗan wasan ma shi ne. Abin da ya bambanta shi ne dokar da aka amince da ita kafin a zauna. Shi ya sa duk mai son koyon majong da niyyar shiga gasa, tambayar da zai fara amsawa ita ce: dokar wa zan koya?

Kafin nan, a kawar da wani ruɗani. Wasan nan na waya da ake cire tubala biyu-biyu masu kama da juna ba shi ne majong ba, hotunan tubalan kawai ya ara. Majong na ainihi mutum huɗu ne a tebur, kowa tasa ta fisshe shi. Ana gina katanga da tubalan a kife, kowa ya ɗebi 13, sannan a riƙa zagayawa: ka ja ɗaya daga katanga, ka yar da ɗaya a tsakiya. Kana kuma iya kiran tubalin da wani ya yar, wato ka ɗauke shi ka cike rukuni ko ka ci da shi. Burin kowa ya riga sauran haɗa tubali 14 da suka kasu rukuni huɗu da tagwaye guda. Rukuni ko dai jeri ne, kamar 3-4-5 na dangi ɗaya, ko uku iri ɗaya. Dangi uku ne masu lamba daga 1 zuwa 9, wato gora, zobe da haruffa, sai tubalan kusurwa huɗu (gabas, kudu, yamma, arewa) da dodanni uku, ja da kore da fari. Kowane iri guda huɗu ne, jimla 136. Wasu dokokin suna ƙara furanni 8, ya zama 144.

Wasan ya samo asali ne a ƙasar Sin wajen tsakiyar ƙarni na 19, a yankin Ningbo da Shanghai, ya bazu daga gida zuwa gida ba tare da wata hukuma ta rubuta masa doka ba. Kowane gari ya lanƙwasa shi yadda ya ga dama. Mutanen Sichuan suka zubar da kusurwoyi da dodanni suka bar tubali 108, kuma ba a tashi daga rabo sai mutum uku sun ci ko katanga ta ƙare. A Taiwan tubali 16 ake riƙewa a hannu maimakon 13. A Amurka, inda wasan ya yi tashe a shekarun 1920, wata ƙungiya da aka kafa a New York a 1937 ita take fitar da kati duk shekara mai ɗauke da hannayen da aka yarda a ci da su. Wanda ya taɓa zama buga whot a majalisar da ba tasa ba ya san abin da nake nufi: sai wasa ya yi nisa sannan a gano cewa a nan ana kare "ɗauki biyu", a can ba a karewa. A majalisa sai a yi gardama a yi dariya a wuce. A gasar da mutum ya biya kuɗin jirgi da masauki ya zo, wannan gardamar ita za ta rusa taron.

Abin da dokar bai-ɗaya take karewa

In aka ce dokar gasa, yawancin masu koyo jadawalin maki suke tunawa: wane hannu nawa ne. A ganina wannan shi ne ƙaramin ɓangare. Babban shi ne dokokin zama: yadda ake raba kujeru, inda ake fasa katanga, kiran da yake gaba da wani, abin da za a yi in tubali ya faɗo a buɗe, da tarar wanda ya ce ya ci alhali bai ci ba.

Dalilin farko yana cikin yawan mutanen da ke tebur. A wasan mutum biyu, in ka yi kuskure, kai ka faɗi abokin karawarka ya samu, magana ta ƙare. A majong kuskuren mutum ɗaya yana taɓa mutum biyu da ba su ji ba ba su gani ba. Kujerun huɗu sunayen kusurwoyi suke ɗauka. A ce mai zaman kudu ya miƙa hannu zai ja tubali, gwiwar hannunsa ta bugi katanga, tubali biyu suka faɗo fuska a sama. Ɗaya daga ciki 6 na zobe ne, shi kuwa mai yamma shi yake jira tun ɗazu, kuma yanzu kowa ya san inda yake, ya san wanda zai ja shi. Mai arewa zai iya kiran wani tubali don kawai ya gurɓata jerin ja. Wa aka cuta? Wa zai biya? In babu rubutaccen hukunci, mai ƙarfin murya ne zai yi nasara, kuma mai ƙarfin murya a wannan tebur ba shi ne na wancan tebur ba. Rubutacciyar doka tana sa alƙalin wasa ya yanke hukunci iri ɗaya a tebur na 3 da tebur na 30, ba tare da ya duba fuskar kowa ba.

Na biyu, haɗin baki. Abokai biyu a tebur ɗaya za su iya ciyar da juna tubala har su kwashe makin sauran, ko da kalma ɗaya ba ta shiga tsakaninsu ba. Shi ya sa gasanni suke hana magana a kan hannu ana cikin wasa, suke hana nuna alama, suke jujjuya 'yan wasa daga tebur zuwa tebur bayan kowane zama. Na uku, harshe. Bafaranshe da Bajapane da Basine suna iya zama tebur ɗaya ba mai jin yaren wani, amma kira huɗu ko biyar da doka ta tsayar sun ishe su wasa daga safe har yamma.

Sai maganar sa'a. Majong wasa ne da rabon tubala yake da ƙarfi a cikinsa. Sabon shiga yana iya doke gwani a zama ɗaya, ba abin mamaki ba ne. Gwaninta ba ta bayyana sai an tara zama da yawa, tara su kuwa ba ya yiwuwa sai in ma'auni ɗaya aka auna su da shi. Ƙungiyar majong ta Turai, EMA, da aka kafa a 2005, tana riƙe da jerin matsayin 'yan wasa daga gasannin ƙasashe daban-daban, kuma abin da ya sa jerin yake da ma'ana shi ne duk gasar da ke son a lissafa da ita dole ta bi dokar ƙungiyar.

Dalilin da ya fi damuna shi ne caca. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa yawancin dokokin gida an gina su ne a kan kuɗi, kuma hakan ne ya ɓata wa wasan suna har a mahaifarsa, inda aka hana shi shekaru da dama bayan 1949. Waɗanda suka so su tsamo shi daga wannan hali da rubutacciyar doka suka fara. A Japan an kafa ƙungiyar "majong na lafiya" a 1988 bisa sharaɗi uku: ba caca, ba giya, ba taba. Hukumar wasanni ta ƙasar Sin ta amince da majong a matsayin wasa a 1998. Gasar ƙwararru ta M.League da aka fara a Japan a 2018 ta shelanta tun ranar farko cewa 'yan wasanta ba su ba caca. Ga mai karatu da addininsa ya haramta masa caca, wannan ba ƙaramar magana ba ce: teburin da ake lissafin maki a takarda a ƙarƙashin idon alƙali daban yake da teburin bayan shago da ake zube kuɗi.

Dokoki biyu ne suka kai matsayin da za ka koye su a gida ka je wata nahiya ka tarar ana bin su. Su zan gwada.

Dokar Sin, wadda aka fi sani da MCR

An fitar da ita a 1998. Waɗanda suka tsara ta sun tattaro tsare-tsaren hannu daga salon yankuna daban-daban suka tace su zuwa 81, kowanne da makinsa, daga 1 har 88. Da ita aka buga gasar duniya a Tokyo a 2002, inda Mai Hatsune ta Japan ta zo ta ɗaya, sannan Chengdu a 2007 da Utrecht ta ƙasar Holan a 2010. Tubali 144 ake amfani da su.

Ginshiƙinta shi ne maki 8. Duk kyan hannunka, in bai kai 8 ba, ba ka da ikon cewa ka ci, kuma makin furanni ba ya shiga wannan lissafi. Makin tarawa ake yi, ba ninkawa ba. Misali, in ka haɗa 2-3-4 na gora, 3-4-5 na zobe, 4-5-6 na haruffa, wato jeri uku masu hawa kamar matakala, maki 6 ke nan. In rukuni na huɗu ma jeri ne kuma tagwayenka masu lamba ne, ƙarin 2, ka kai 8 cif. Da 1-2-3, 4-5-6, 7-8-9 a dangi uku daban-daban, 8 ne kai tsaye. In duka a dangi ɗaya suke, 16. Hannun dangi ɗaya zalla 24 ne, tagwaye bakwai ma 24. Har akwai hannayen da ba su bi tsarin rukuni huɗu ba sam, irin wanda ake saƙa 1-4-7 da 2-5-8 da 3-6-9.

Daɗin wannan doka yana nan. Da ka buɗe tubalanka 13, ba tambayar "yaya zan gama da sauri" kake yi ba, tambayar ita ce "ta wace hanya zan kai 8", kuma gwani yakan riƙe hanya biyu ko uku a lokaci guda, ya bar tubalan da ke zuwa su zaɓa masa. Wanda yake son lissafi da hange zai ji daɗinta ƙwarai. Wahalarta kuwa a ƙofar shiga take. Ba sai ka haddace duka 81 kafin ka fara ba, amma ba za ka yi wasa mai ma'ana ba sai ka riƙe ashirin ko talatin da suka fi fitowa, ga kuma ƙa'idoji biyar na yadda ake haɗa maki, waɗanda suke hana a ƙirga abu ɗaya sau biyu. A nan masu koyo suka fi tuntuɓe, kuma tuntuɓen yana da tsada: wanda ya ce ya ci aka ƙirga bai kai 8 ba zai biya kowane ɗaya daga cikin ukun maki 10, in kuma hannun ma bai haɗu ba, 20-20.

Yanzu duba yadda ake biya, don nan ne halin wasan yake. A ce hannunka maki 10 ne, ka ci da tubalin da wani ya yar. Shi zai biya 18, sauran biyun kowa 8, ka tashi da 34. In kai ka ja tubalin daga katanga, hannun ya ƙaru da maki 1, kuma kowa zai biya 19, ka tashi da 57. Ka ga wanda ya yar da tubalin da aka ci da shi maki 10 kawai ya fi sauran asara, alhali in aka bar mutum ya ja da kansa kowa zai ji a jikinsa. Sakamakon haka, a MCR gudu ake yi gaba. Ɓuya da tsaro suna da amfani, musamman in ka hango wani yana gina babban hannu, amma ba su ne zuciyar wasan ba.

Abin da na fi yaba mata shi ne adalcin kujera. Mai gabas, wato wanda yake fara wasa a rabo, ba shi da wani ƙarin maki, ba ya maimaita rabo in ya ci. Rabo 16 ne cikakken zama, kowa ya yi gabas sau huɗu, ana sauya kujeru bayan kowane zagaye, kuma gasanni suna sa iyakar lokaci, galibi wajen awa biyu. A ƙarshen zama ana mayar da sakamako zuwa makin tebur: 4, 2, 1, 0. Wannan yana rage barnar sa'a, domin ko ka yi dace da hannu mai 88, makin tebur 4 ne dai iyakarka a wannan zaman. Mutum ɗaya ne yake ci a kowane rabo. In biyu suka kira tubali ɗaya, wanda ya fi kusa da mai yarwa a jerin zagaye shi ya samu. Kiran uku iri ɗaya yana gaba da kiran jeri muddin an yi shi cikin daƙiƙa uku.

Dokar Japan, rici

A intanet "riichi" ake rubuta sunan, ga mai son nema. Majong ya shiga Japan a shekarun 1920, wannan salo kuma ya kafu bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Tubali 136 ne, babu furanni, kuma ana ware 14 a ƙarshen katanga da ba a ja daga cikinsu sai don canji. Sharaɗin ci ya fi sauƙi a ido: hannunka ya ƙunshi aƙalla tsari ɗaya daga cikin kimanin 40 da ake kira yaku. Wasu ba su da wuya ko kaɗan, kamar hannun da babu 1, babu 9, babu kusurwa ko dodo a cikinsa, ko uku na dodo ɗaya.

Sunan salon daga wani kira ya fito. In hannunka a rufe yake, wato ba ka ɗauki tubalin kowa ba, kuma saura ɗaya ka gama, kana iya cewa "rici", ka kwantar da tubalin da ka yar a karkace, ka ajiye sandar maki 1,000 a gabanka. Daga nan ka ɗaure kanka: ba ka da ikon canza hannu, duk abin da ka ja in ba naka ba ne dole ka yar da shi, ko da kana ganin zai ƙona ka. Ladan da kake samu shi ne kiran kansa yaku ne, kuma in ka ci za a buɗe maka wani ɓoyayyen tubali da zai iya ƙara wa hannun daraja.

Amma abin da ya mayar da rici wasa na daban shi ne dokar da suke kira furiten, haɗe da yadda ake biya. Kowa yana jera abin da ya yar a gabansa, shida-shida, bi da bi. A ce kana riƙe da 4-5 na gora kana jiran 3 ko 6, amma tun da farko ka taɓa yar da 3. To ba ka da ikon ci da tubalin wani, ko 3 ko 6. Sai dai ka ja da kanka. Juya maganar ta ɗaya gefen ka ga amfaninta: duk tubalin da ke gaban abokin karawarka, ka tabbata ba zai ci ka da shi ba. Har ana gina hasashe a kai. In ya yar da 4, to 1 da 7 na wannan dangin sun ragu da haɗari, domin da 2-3 ko 5-6 yake riƙe da su, da dokar ta ɗaure shi. Ba tabbas ba ne, yana iya jiran 7 ta wata hanya, amma hujja ce da za ka iya tsayawa a kanta.

Biyan kuwa ba sassauci. Wanda ya yar da tubalin da aka ci da shi shi kaɗai zai biya duka. Hannu mai matsayin mangan, wani matakin daraja da ake yawan samu, maki 8,000 ne, 12,000 in mai gabas ne ya ci, alhali da 30,000 kowa ya fara a gasannin Turai da na duniya. Yarwa ɗaya ta ganganci ta cinye fiye da rubu'in jarinka. In kuma mai cin ya ja da kansa, an raba nauyin: mai gabas 4,000, sauran 2,000-2,000. Saboda haka rabin gwaninta a rici sanin lokacin janyewa ne. Za ka ga gwani ya wargaza hannun da saura tubali biyu ya gama, yana fitar da abin da ya san ba zai cutar da shi ba, don kawai wani ya kwantar da tubali a karkace. Mai kallo da bai san wasan ba zai ɗauka tsoro ne. Ni a wurina nan ne kyan wasan yake, domin yana hukunta kwaɗayi nan take.

Doka ba ta bar mai ɓuya ya sha romo a banza ba: in katanga ta ƙare ba wanda ya ci, waɗanda hannunsu bai kai saura ɗaya ba za su haɗa maki 3,000 su ba waɗanda nasu ya kai. Akwai kuma dokar ɗaukar alhaki. In mutum ya riga ya baje rukunin dodanni biyu a fili, kai kuma ka yar masa da na uku ya ɗauka, to in ya ja ya ci da kansa kai kaɗai za ka biya hannun, 32,000 ko 48,000. Irin wannan doka ce take rufe ƙofar ciyar da aboki.

Aibinta biyu ne, kuma ba ƙanana ba. Na farko, sa'a ta fi samun ƙofa. Akwai tubalan garaɓasa da ake kira dora, makin kuma ninkawa yake yi, don haka hannu maras wahala yana iya zama babba saboda tubalin da aka buɗe bayan an gama. Mai gabas yana karɓar ninki ɗaya da rabi kuma yana maimaita rabo in ya ci, sai ka ga mutum ɗaya ya tsere wa tebur. Lissafin maki ma yana da sarƙaƙiya, ma'auni biyu ake haɗawa, kuma a tebur na gaske kai za ka faɗi darajar hannunka da bakinka.

Na biyu shi ne ainihin abin da ya kawo wannan rubutu: rici ba shi da littafi guda. M.League tana wasa da jajayen biyar, wato tubalan lamba 5 masu jan launi, waɗanda kowanne ƙarin daraja ne. Dokar gasar duniya ta rici, wadda aka fara a Puteaux kusa da Paris a 2014, aka yi a Las Vegas a 2017, Vienna a 2022 da Tokyo a 2025, ba ta da su. Babbar gasar ƙungiyar ƙwararrun Japan ta JPML, wadda aka kafa a 1981, ta cire har ɓoyayyen tubalin garaɓasa don ta rage sa'a. EMA da kanta ta sauya dokarta a 2016, ta cire jajayen biyar, ta kuma halatta cin hannun da babu 1 da 9 ko da a buɗe yake. A wannan dokar ta 2016 mutum biyu suna iya ci da tubali ɗaya, a dokar gasar duniya mutum ɗaya ne. Ladan matsayi ma ya bambanta: a Turai na ɗaya yana samun ƙarin 15,000, na biyu 5,000, a cire wa na uku da na huɗu kwatankwacin haka, alhali a M.League tazarar na ɗaya ta fi haka nesa ba kusa ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana canza shawarar da ta dace a rabo na ƙarshe. Ɗan wasan da bai karanta takardar dokar gasar da ya shiga ba yana iya yin wasa mai kyau a bisa dokar da ba ita ake bi ba.

To wacce?

In abin da kake nema doka ce guda da za ka koya sau ɗaya ka same ta kusan yadda take ko'ina, MCR ta yi wa rici fintinkau. In kana son wasan da kujerarka ba ta ba ka fifiko ba, kuma ninkin garaɓasa bai shiga ciki ba, nan ma ita ce. Sai dai kada sunan "dokar Sin" ya ruɗe ka. Ɗalibi ko ɗan kasuwar da ke zaune a Guangzhou ko Yiwu zai ga tebura birjik a unguwanni, amma salon garinsu suke bugawa, yawancinsu ba su san jadawalin 81 ba. 'Yan MCR a ƙungiyoyi da gasanni ake samun su, kuma Turai, musamman Faransa da Holan, tana cikin wuraren da ta fi kafuwa. In babu ƙungiya kusa da kai, samun mutum uku da suka iya ta aiki ne.

Nan ne rici ya yi galaba, kuma shi ya sa shi nake ba yawancin masu farawa shawara. Dandalin wasan rici na intanet irin su Tenhou da Mahjong Soul suna ba ka abokan wasa a kowane lokaci, kyauta, daga wayarka, kwamfuta tana yi maka lissafi tana hana ka kiran da bai halatta ba. Akwai matakan ƙwarewa da ake hawa, akwai bayanan wasanni masu tarin yawa da ake nazari. A Tenhou ne manhajar Suphx ta kamfanin Microsoft ta kai mataki na 10 a 2019. Wasannin M.League ana nuna su kai tsaye, kana ganin hannun kowa. Abu ɗaya zan ja kunne a kai: Mahjong Soul tana sayar da kayan ado ta hanyar ƙuri'a, ka biya kuɗi ba ka san abin da zai fito ba, kuma wasu hotunanta ba kowa zai so su a wayarsa ba. Ba a bukatar sayen komai don a yi wasa, Tenhou kuma ba ta da wannan kwalliyar.

Halinka ma ya shiga lissafi. Mai son gini da ƙirƙira, wanda janyewa take ci masa rai, MCR za ta fi yi masa daɗi. Mai haƙuri da lura, wanda yake jin daɗin karanta abin da wasu suka yar, rici ne nasa. Salon Hong Kong ya fi duka sauƙin koyo kuma ya dace da zaman gida, amma mafi ƙarancin maki da iyakar biya daga tebur zuwa tebur suke canzawa. Na Amurka kuwa sai da katin shekara da jokoki 8, kuma bai cika fita daga ƙasarsa ba. Kada ka koyi MCR da rici a lokaci guda. Dabi'ar da ɗaya take sakawa a hannunka ita ɗayar take hukuntawa: saurin ɗaukar tubalin wasu da yake taimako a MCR shi yake raba ka da kiran rici da kuma tubalan tsaro.

Wanda ya koya a waya ya sani cewa tebur na gaske wani karatu ne. Babu na'urar da za ta tuna maka cewa kana cikin furiten, ko ta hana ka riƙe tubali 14 lokacin da ya kamata su zama 13, wanda hakan yake kashe hannu. Kiran ci na ƙarya a rici yana jawo babbar tara. A dokar EMA ta 2016 maki 20,000 ake cirewa daga sakamakon gasa, fiye da ladan zuwa na ɗaya a zama guda. Don haka kafin ranar gasa ka nemi takardar dokarta, ka fara da babin ladabin tebur da na tara, sannan ka duba abu huɗu: jajayen biyar, yawan masu ci a tubali ɗaya, ladan matsayi, da yadda ake rufe zama in lokaci ya cika.

Wajen sayen akwatin tubala kuma, ka ƙirga kafin ka biya. Mai 144 zai yi maka duka biyun, domin in ka ware furanni 8 ka samu 136 na rici, sai dai ka nemi sandunan maki daban. Akwatin Japan yawanci furanni huɗu kawai yake da su, tare da jajayen biyar, don haka ba zai cika MCR ba, kuma tubalansa ba su da lambobin boko a kusurwa, sai ka koyi karanta 1 zuwa 9 da rubutun Sin. Wanda aka yi wa kasuwar Sichuan kuwa yana iya zuwa da 108 kacal, ba kusurwa ba dodo, ba zai yi maka ko ɗaya daga cikin biyun ba.